Shaidar Maigidana da Ragowar Magani

Maigidana tsohon soja ne. Da ya yi ritaya muka bar bariki muka dawo gida Zuru, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa gari. Ya karɓi gonar mahaifinsa ta wajen Dabai, ni kuma na shiga zumuntar mata ta majami'armu, ina buga tulu in ana waƙa. Mutane ba su daina kiransa Saje ba, ni ma haka nake kiransa.

Tari ya kama shi a ƙarshen damina. Da farko mun ce ruwa ne ya dake shi a gona. Daga baya ya fara rama, wando ya daina zama a ƙugunsa, sai wata safiya na ga jini a inda ya tofar da kaki. Ranar ban bar shi ya ɗauki fartanya ba. A asibiti aka gwada kakin, aka ce tarin fuka ne. Malamar da ke ba da maganin ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Zai sha ƙwayoyi kullum da safe kafin ya ci komai, har watanni da yawa, kuma tarin zai tsaya tun ciwon bai mutu ba. Ta ce wanda ya daina sha a tsakiya, ciwon yakan dawo masa da ƙarfin da ya fi na da, wani lokaci ma ya ƙi jin magani. Sai ta ɗora mini nauyin in riƙa karɓo ƙwayoyin, in tsaya a kansa har ya haɗiye.

Ni ina son abu ya bi tsari. Muna tashi mu yi addu'a, in miƙa masa ƙwayoyi da ruwa, in an jima in kawo kunu. Ban taɓa sa magani gaban addu'a ba, ban kuma taɓa barin addu'a ta cinye lokacin magani ba. Kafin a gama yankan dawa tarin ya tsaya, fuskarsa ta ciko.

A kakar nan aka yi taron farkaswa a majami'armu. Wani baƙon mai wa'azi ya zo, ya ce marasa lafiya su fito gaba. Saje ya fita ya durƙusa, aka ɗora masa hannu. Da muka dawo gida ya ce mini ya ji wani ɗumi ya ratsa ƙirjinsa har baya, numfashinsa ya buɗe. Na yarda da shi a lokacin, har yau kuma na yarda. Shi ba mai ƙarin gishiri ba ne.

A wajenmu wanda Ubangiji ya yi wa abu ba ya shiru. Ran Lahadi yakan tashi ya ba da shaida, danginsa su rako shi gaba da rawa, da baikon godiya a hannu, wato kyautar da zai ba majami'a. Saje ya kai damin dawa da zakara. Ni ce na buga masa tulu. Ya tsaya ƙyam kamar a fareti ya faɗi ciwonsa da warkewarsa, jama'a suna ta amin. Sai ya ƙara da abin da bai shawarce ni a kai ba. Ya ce daga yau shi da ƙwayar asibiti sun rabu, gama wanda Yesu ya warkar ba ya bukatar ƙari. Mata suka yi guɗa. Ni hannuna ya tsaya a bakin tulun.

Washegari bayan addu'a na miƙa masa ƙwayoyi kamar kullum.

"Maman yara, jiya ba kya cikin sujada ne?"

"Ina ciki. Sha, ruwan na hannuna."

"Na faɗa a gaban Allah da gaban mutane. In na sha wannan, wa na mayar maƙaryaci? Ni ko Shi?"

"Malama ta ce tarin zai tsaya tun ciwon yana nan."

"Malama ce ta ɗora mini hannu?"

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Tunanin niƙa ƙwayoyin in zuba masa a kunu ya zo mini, amma bai daɗe ba. Maganin yana mayar da fitsari ja, kafin rana ta yi tsaka zai gane. Kuma ban taɓa ba shi abu a ɓoye ba tun aurenmu. Sai na bi yadda aka koya mana a majami'a in ɗan'uwa ya kauce: ka same shi kai kaɗai, in ya ƙi ka zo da wani, in ya ƙi ka kai wa ikilisiya.

Na farko na riga na yi, na kuma maimaita shi kowace safiya. Na biyu, na kira yayarsa daga ƙauye. Ta zo ta dube shi yana cin tuwo, ta ce mini da yarenmu, "Ke kuwa wane irin ido ne da ke? Mutum ya yi ƙiba kina neman masa ciwo." Ta kwana biyu ta koma.

Kirsimeti ta wuce. Duk wanda ya gamu da ni a kasuwa sai ya yi mini barka, wasu har su ce shaidar Saje ce ta ƙarfafa su. Wata mata ta ce mijinta mai hawan jini ma yana tunanin ajiye nasa maganin. Na dawo gida ranar ban iya cin abinci ba. Malamar asibiti ta aiko a tambayi dalilin da ya sa na daina zuwa karɓa. Na je na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai in raba kwanonsa da na jikokinmu da ke zaune tare da mu, in kuma riƙa buɗe tagar ɗakinsa. Wannan ya fi faɗa tsorata ni. Na koma mai sauraron ƙirjin mutum. In ya yi gyaran murya a bayan gida sai in ajiye abin da nake yi in kasa kunne. Na yi azumi, ina roƙon Ubangiji abu biyu da ban san yadda za su haɗu ba: shaidarsa ta zama gaskiya, shi kuma ya koma shan magani.

Da zafi ya fara shigowa tarin ya dawo. Yana ɓoye shi, yana zagayawa bayan rumbu ya yi. Na je wurin fasto.

Fastonmu dattijo ne mai haƙuri. Ya ji ni har ƙarshe, ya ce, "Mama, tun ranar shaidar maganar ta dame ni. Na same shi a gona na yi masa magana, ya ce soja ba ya janye abin da ya faɗa a gaban tuta, balle a gaban bagade. Abin da ya ɗaure shi a gaban jama'a aka yi shi. Ban ga yadda zai kwance a ɗaki ba."

"To ka kwance shi ran Lahadi."

"In na yi daga kan mumbari, na karya shi a gaban kowa, ba zai ƙara shigowa ba. Sai dai gyaran ya fito daga gidansa."

Na gane abin da yake nufi, ban kuma ji daɗinsa ba. A wajenmu mace ba ta tashi cikin taro ta gyara maganar mijinta.

Ran Lahadi, bayan shaida, akan ba da dama ga masu roƙon addu'a. Na ajiye tulu na tashi. Na ce ina gode wa Ubangiji da ya taɓa maigidana, ban musa ba. Na ce amma asibiti ba su sallame shi ba, tarin ya dawo, akwai jikoki a gidan. Na roƙi ikilisiya ta yi addu'a Allah ya ba shi ƙarfin ƙarasa maganinsa, kuma kada kowa ya riƙe shi da maganar da ya yi cikin murna. Ban kalli ɓangaren maza ba. Wata tsohuwa daga baya ce ta fara cewa amin, sai fasto ya ce kowa ya tashi tsaye. Saje bai tashi ba, bai kuma fita ba. Dattawa suka kewaye shi a inda yake zaune suka yi addu'ar.

A hanyar gida ya yi gaba ya bar ni. Bai ci tuwon da na kai masa ba. Da safe na same shi ya sa riga da takalmi yana zaune a bakin ƙofa.

"Kin gama da ni a gari," ya ce. "Saura asibiti. Mu je."

Ragowar ƙwayoyin da na adana ba su yi amfani ba. Malama ta ce ya daɗe da dainawa, sai an sake gwaji a fara daga farko, wannan karon har da allura kowace safiya. Ta ce ba za ta yi mana alkawari ba sai ta ga yadda jikinsa zai karɓa. Haka ya riƙa ratsa gari da ƙafa kullum, a gaban mutanen da suka yi masa guɗa. Ya hana ni rakiya, sai in bi shi daga nesa in ga ya shiga. Ya yi makonni ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole, amma addu'ar safe bai taɓa barin in yi ni kaɗai ba.

Damina ta sake zagayowa ta wuce kafin gwajin ƙarshe ya fito babu ciwo. Ƙirjinsa bai koma yadda yake ba. Ya bar noman kan tudu, ya koma ɗan fili kusa da gida, yana yi yana hutawa. Jikokin an gwada su, ba wanda ya ɗauka.