Zaren Takardun Kaka

Na haye, jama'a, na haye! Yau da hantsi na tsaya gaban malamai uku a jami'a na kare memwar ɗina, wato kundin bincikena, kuma babbansu da bakinsa ya ce ba shi da gyara. Ni ɗin nan dai, mai ƴaƴa uku, wadda kuka ce boko ya wuce ta. Ku yi haƙuri da rubutun, da babban yatsa ɗaya nake dannawa, sharjin salula ya kusa ƙarewa, ɗaya hannun kuma yana rungume da langar Kaka. Ita ta ciyo mini wasan.

Abin da na yi bincike a kai shi ne jerin kumandojin da suka riƙe sojojin yankinmu, wane ya gaji wane. Wani malami ya tambaye ni inda na samo na wasu shekaru, don shi ya nema bai samu ba. Sai kawai na ɗora langar bisa tebur na ɗaga murfi. Ƙaurin banda ya fito a hankali, tsohon ƙauri, na hayaƙi da man kifi. Nan take na bar zauren na koma Madarumfa ina ƴar shekara tara. Bon, ku gyara zama.

Kaka, mahaifiyar Baba, banda take yi a bayan gidanmu, ba nisa da bakin tabki. Masunta su kawo tarwaɗa da karfasa, ta farke, ta wanke, ta lanƙwasa kowace tarwaɗa ta soke wutsiya a baki, ta jera bisa waya. Zanenta, filonta, har goron da take ba mu, duk ƙaurin hayaƙi suke. Tun kafin a haife ni take kai kifi gidan kumandan a bariki, can Maradi. Duk Alhamis Baba zai ɗora kwanduna biyu a tsohuwar motarsa ta kasuwa, ɗaya busasshe, ɗaya ɗanye cikin ganye, ya kai wa kuku. Saboda shingayen hanya, kada ɗanyen ya lalace, kowane kumandan yakan ba da takardar wucewa mai hatimi da sa hannunsa.

Idan aka sauya kumandan, sai a karɓo sabuwa. Tsohuwar kuwa Kaka ba ta yarwa. Da an kawo takarda takan huda kusurwarta da allura ta zura ta a zaren taru, ta ƙulla. Baba ya fita da zaren ranar Alhamis a ninke, sabuwar a sama, ya dawo ta mayar cikin langa. Ba ta iya karatu ba, sunayensu ma ba su dame ta ba. Da cinsu ta san su, yadda kuku yake ba ta labari. Takan shafa su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Wanga Mai-yaji ne. Wanga Ba-gishiri, hawan jini gare shi. Wanga Mai-tsoron-ƙaya. Wanga kuwa Dogo, shi kan kifi yake so." Mu yara muka mayar da shi waƙa, muna tsalle a kan igiya da shi. Ashe tarihi muke haddacewa.

A zamanin Dogo ne sojoji suka karɓi mulki, cikin azumi, lokacin sanyi. Na tuna yadda rediyo ya daina magana ya koma kiɗan soja, da yadda maza suka rage murya a majalisa. Kwana kaɗan aka fara raɗe-raɗi an cire Dogo. Wasu suka ce an tafi da shi Yamai, babban birni, wasu suka ce ya tsallaka iyaka cikin shigar ƴan kasuwa. Inna, mahaifiyata, ta roƙi Baba ya bar zuwa wannan makon. Baba ya ce kuku bai aiko a dakata ba, kuma mutum ba ya fasa alkawari don jita-jita. Ya yanke takardar Dogo kaɗai daga zaren, ya sa a aljihu, wai kada ya yi ta yawo da tarkace.

Kafin azahar wata maƙwabciyarmu mai sayar da albasa, wadda ta bi motar, ta shigo gidan ƙafafunta duk sun yi fari don tafiya. Ta ce a shingen kusa da Maradi Baba ya miƙa takarda kamar kullum. Sojan ya duba sa hannun, ya kira wani, wancan ma ya kira wani. Suka tambaye shi ko yana zuwa kasuwannin tsallaken iyaka, ya ce yana zuwa. Shi ke nan, aka sauke fasinja, aka wuce da shi da motar.

Inna ba ta yi kuka ba. Ɗakin Kaka ta shiga ta ɗauko langar, ta nufi murhun banda.

"Iya, a ƙone su. In suka zo bincike suka tarar da waɗannan, mu ma mun tafi."

Kaka ta karɓe langar daga hannunta ba tare da ta ɗaga murya ba. "In anka ƙone, mi za ya nuna yaron nan ɗan aike ne?"

Yaron nan. Baba ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cewa ɗana ba. Ko abinci za ta aika masa, sai ta ce a kai wa yaron nan.

Washegari da sassafe ta tashe ni. "Ke ƴar lakwal, sa takalmi. Yau za mu ga amfanin alli da kike cinyewa." Ni kaɗai ke jin Faransanci a gidan, ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Muka hau amalanke zuwa bakin hanya, daga nan motar kasuwa. Shinge uku muka wuce. A kowane ɗaya ina jin langar tana ƙara nauyi bisa cinyata, Kaka kuwa carbinta kawai take ja.

A ƙofar baya ta gidan kumandan muka samu kuku, dattijo mai furfura, wanda ya dafa wa duka huɗun. Da ya gan mu sai da ya waiga hagu da dama.

"Iya, ki koma gida. Yau ko ni ban san halin wanda nake dafa wa ba."

"Yaron nan shina nan da rai?"

"Yana nan. Amma gobe da safe mota za ta tashi Yamai da waɗanda ake zargin mutanen tsohon kumandan ne. Na ji yana ciki."

A lokacin, in aka ce an tafi da mutum Yamai, ba wanda ke tambayar ranar dawowa. Kaka ta ce to a gaya wa sabon, mai kifi ta zo gaisuwa. Kuku ya dube ta, sai ya shige.

Muka zauna bisa benci tun hantsi har aka yi azahar aka sauko daga Juma'a. Sojoji na wucewa da bindigogi, ba mai kallonmu. Leɓen Kaka ya bushe da azumi. Ni ba na azumi, amma ƙosan da Inna ta ƙulle mini na kasa ko kwancewa.

Da aka shigar da mu, abin da na fara gani wani fili ne mai haske a bango, inda aka cire hoto, ƙusar tana nan. Sabon kumandan ba tsoho ba ne, siriri, idanunsa ja kamar wanda bai yi barci ba. Wani soja yana tsaye bayanmu. Takardar Dogo tana bisa tebur, an danne ta da ƙaramar bindiga. Bai ce mu zauna ba. Da Faransanci ya yi magana, yana kallon takardun gabansa: me ya haɗa direban nan da mutumin da ya sa hannu a nan?

Na fassara. Kaka ta ce in ajiye langar. Da ta kai hannu ga murfin, na ji sojan bayanmu ya gyara bindiga, ƙaras. Kumandan ya ɗaga yatsa ɗaya, ya tsaya. Ƙaurin banda ya cika ofishin. Ta zaro zaren ta shimfiɗa shi bisa teburin kamar yadda take jera kifi, ta fara: Mai-yaji, Ba-gishiri, Mai-tsoron-ƙaya. Ta nuna ƙullin da ba komai a jikinsa, ta nuna wadda ke ƙarƙashin bindigar. "Wancan Dogo ne, nan wurin shi yake." Ya ce in karanta kowace ɗaya, na karanta, ina cin tuntuɓe a kan manyan kalmomi. Duk magana ɗaya ce: a bar mai ɗauke da wannan ya wuce da kifin gidan kumandan.

Ya bi zaren da yatsa har ƙullin ƙarshe, sai ya ga bai ƙare ba. Saura ya kai kamu biyu, a naɗe. Ya warware shi, ya ɗaga, ya tambaya wannan fa na mene ne.

Kaka ta ce, "Nan taka za ta shiga. Sauran kuwa na waɗanda za su zo bayanka ne."

Jama'a, mutumin da bai cika mako bisa kujera ba, a makon da ake kwashe mutane. Ina shekara tara amma na san wannan ba maganar faɗa ba ce. Sai na ce da Faransanci, ta ce duk naka ne, Allah ya ja zamaninka.

Ya dube ni a karon farko. Sai ya buɗe baki da Hausa, tsab, irin tamu.

"Ƴar lakwal, haka madam ta koya muku a aji? Tsohuwa ta ce na waɗanda za su zo bayana ne."

Ina jin agogon bango, ina jin numfashin sojan bayanmu. Na riƙe gefen zanen Kaka, na tabbata na kashe Baba da bakina.

Ya juya gare ta. "Mutum nawa kike jira, Iya?"

"Ban ƙidaya ba, ranka shi daɗe. Zaren ne dai ban yanke ba. Ran da na farko ya ba ni takarda tashi, haka na bar mishi saura, bai ji haushi ba."

"To ke mutuniyar wa ce a cikinsu?"

"Ni kujera nike kawo ma kifi. Wanda na tarar bisa, shi ka ci."

Ya daɗe yana murza bakin zaren tsakanin yatsunsa. Ya ɗaga kai ya kalli ƙusar nan ta bango. Sannan ya tambaya, direban, mene ne shi a wurinta.

Kaka, wadda ba ta ji tsoron bindiga ba, sai ta sunkuyar da kai. Ta ja mayafi. Na ga bakinta yana motsi ba sauti. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ni na haihe shi."

Wannan ne karo ɗaya tak da na ji ta faɗa.

Kumandan ya ɗauke bindigar ya sa a aljihun tebur. Ya tura mata takardar Dogo. Ya jawo farar takarda ya rubuta, ya buga hatimi, ya ce wa sojan a fito da mutumin da motarsa. Kaka ba ta yi godiya da sauri ba. Allura ta zaro daga ɗankwalinta, ta mayar da ta Dogo wurinta, ta huda sabuwar ta zura, ta ƙulla a gabansa. Yana kallo har ta gama.

"Ni me za ki kira ni?"

"Sai na ji yadda kake ci."

Bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa. Muna ƙofa ya ce, "Iya, kada ki yanke sauran."

Baba ya fito riga duk ta yamutse, ya durƙusa gabanta a tsakar barikin. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta dubi motar ta ce, "Ina kwandunana?" A hanya aka kira magariba, muka tsaya gefen wata gona suka sha ruwa da ƙosan nan nawa da ya yi sanyi. Daga nan muka kama hanya har muka hango tabki.

Mai-jin-Hausa ta sa wa sabon kumandan suna. Da aka sake yin wani sauyin, cikin zafin bazara, shi ma ya tafi, Kaka ta ɗauki langa ta koma. Kafin ƙafa ta gaza mata, takarda bakwai ta zura.

Yanzu ba mai kai kifi da takarda. Matar soja ta kira a salula, a ɗora wa ɗan kabu-kabu. Wurin bandar Kaka an gina ɗakuna, kuku ya rasu, ita ma ta rasu. Baba ya tsufa, kuma har yau in ya hango shinge sai ya taɓa aljihunsa. Ɗazu babban malamin nan ya ɗaga bakin zaren, ya yi mini tambayar da aka yi wa Kaka. Wannan karon ban gyara ba, na faɗa masa yadda ta faɗa.

Ban san ko Mai-jin-Hausa yana raye ba. Don Allah ku tura wannan ga duk wanda kuka sani, musamman gidajen tsofaffin soja, ko zai kai gare shi ko ga ƴaƴansa. A gaya masa ba a yanke ba.