Tukunyar Gas Mai Sabon Fenti

A farkon shekarun mulkin soja ni tela ne a Umbadda, wata unguwa a Omdurman kusa da Khartoum, da keken ɗinki ɗaya a ƙarƙashin rumfar kwano, da mata ɗaya, da girman kan da ya fi ƙarfin aljihuna. A yankin Jazira aka haife ni, a kambo, wato 'yan bukkokin da ma'aikatan gona ke zama a gefen filayen auduga, can na tsinci auduga har yatsuna suka yi kanta. Da na shigo Omdurman na koyi ɗinki sai na ɗauki kaina cikakken ɗan birni, wanda ba a yi wa wayo a kasuwa. Rubutun Hausar nan ma ɗaliban Najeriya masu kawo mini ɗinki ne suka koya mini, domin mu a nan da baki muke Hausarmu. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Abin da zan faɗa na riƙe shi a cikina fiye da rabin rayuwata, kuma ya ishe ni.

Matata 'yar kambonmu ce, mai haƙuri, mai ɗan banzan hanci. Ina tsokanarta cewa tana jin miyar maƙwabta ta kama tun kafin mai miyar ta sani. A lokacin komai sai da layi: burodi layi, sukari da katin rabo, gas kuwa ba a magana. Tukunyar gas ɗinmu, wadda muke kira anbuba, ta ƙare, na yi kwana uku ina kai ta layin wakilin da ke rabawa a unguwarmu, kullum sai layi ya kusa zuwa kaina a ce mota ta ƙare. Ga shi surukata, mahaifiyar matata, ta aiko cewa tana tafe daga Jazira za ta yi lokacin sanyi a wurinmu. Gawayi bai gagare mu ba, da shi rabin unguwa ke girki. Ni ne dai ban so tsohuwa ta zo ta tarar da 'yarta tsugune tana fifita wuta kamar a kambo, bayan na cika mutanen gida da labarin cewa a birni murɗawa kawai ake yi wuta ta kama.

Wata safiya na tsallaka Khartoum, kasuwar Suk Sha'abi, sayen zare da maɓallai. Ina tsaye ina mita ni kaɗai a kan tsadar kaya, da Hausa, sai na ji an yi mini sallama an kira ni ɗan'uwa, da Hausa tsantsa. Wanda bai zauna a inda ake rage murya kafin a yi harshen gida ba, ba zai gane abin da na ji a ƙirjina ba. Dattijo ne mai farar jallabiya, da carbi a hannu. Ya tambaye ni mutanen ina ne mu, na faɗa, ya ce ai ya san kambonmu, har ya taɓa kwana a can lokacin tsintar auduga. Yanzu da nake tunawa, ni ne na riƙa ba shi sunayen mutane shi kuma yana gyaɗa kai yana yi wa mamatan addu'a. Muka sha shayi wurin wata mai shayi, shi ya biya. Cikin hira na koka masa da maganar gas. Ya yi dariya ya ce yana raye ɗan'uwansa ba zai kwana a layi ba, in kawo tukunyata wofi gobe ya musanya mini da cikakkiya, in ɗora ɗan abin da ya sawwaƙa.

Washegari na ɗauko tukunyarmu lafiyayya, wadda muka saya sabuwa lokacin aurenmu, a hafila, wato motar haya. Ya kai ni wani lungu bayan tashar motoci, ya fito mini da wata shuɗiya tana ƙyalli, fentinta har yana ɗan kama hannu. Na san abin da ake yi. Kowa a unguwarmu ya san ana kaɗa kumfar sabulu a shafa a wuyan tukunya, in kumfar ta riƙa tasowa ƙwai-ƙwai to tukunyar tana yoyo. Ga mai wankin motoci can kusa da mu da bokitin kumfa, taku goma bai kai ba. Da na ɗaga tukunyar, babban yatsana ya danna wani wuri a gindin wuyanta, na ji ya ɗan lotsa kamar ƙullu. Na ɗago na dubi dattijon, yana murmushi yana cewa in gaishe masa da mutanen gida. Sai kunya ta kama ni. Na ga in na ce a kawo sabulu kamar na kira shi maƙaryaci ne a fuskarsa, mutumin da ya girme ni, ya yi mini Hausa, ya saya mini shayi. Da Balarabe ne ya sayar mini, wallahi sai na juya tukunyar nan ciki da bai. Na yi godiya na ɗauka.

A gida na ƙara kuskure a kan kuskure. Matata ta tambaye ni inda na samu, na ce wurin wakili, wai na san wani a ciki ya shigar da ni ta baya. Ban so ta ji cewa na ba da tukunyar aurenmu ga mutumin da ban san ko gidansa ba. Surukata ta iso, aka yi mata girki a kan gas, tana ta sa mini albarka. Kwana biyu bayan haka, da yamma, matata ta ce mini tana jin wari a madafa, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ina kan keke ina sauri in gama wata riga. Na ce mata warin sabon fenti ne, hancinta ne dai da ba ya hutawa. Sai ta ce tunda daga wurin wakili take ai ba komai. Ta rufe kan tukunyar, ta ja ƙofar madafa saboda kuliyoyi. Ƙaramin ɗaki ne, ba taga, sai ƙofar kwano.

Surukata ba ta yarda da gahawar da aka dafa a kan gas ba. Kullum da safe ita ke soya 'ya'yan gahawarta a kan garwashi, ta daka, ta dafa a jabana, 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya. Washegari an tashi da iska mai sanyi, sai ta ɗauki kaskon garwashinta ta nufi madafa don ta fake. Ina bakin rumfa ina buɗe keke na ji wata ƙara mai nauyi, kamar an yar da buhu daga saman mota, sannan na ji muryar matata tana kiran Inna. Kafin in shigo ta riga ta faɗa cikin wutar ta jawo uwarta. Maƙwabta suka taru da ƙasa da barguna. Muka kai su asibiti a motar wani maƙwabci. Tsohuwa ta yi kwana huɗu ta cika. Matata ta rayu, amma hannayenta biyu sun ƙone har gwiwa, yatsun na dama suka ƙanƙance, ba ta ƙara iya yin kisra, siririyar wainar dawarmu, da hannun ba.

Ranar da abin ya faru, da azahar, na dawo gida ɗaukar musu kaya, na shiga madafar ni kaɗai. Tukunyar na nan tsaye, ta yi baƙi. Na taɓa kanta, a rufe yake gam, kamar yadda matata ta bar shi. Fentin ya ƙone, abin da aka liƙe gindin wuyan da shi, irin wanda masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa, ya narke ya zube, ga tsaga nan a fili, ta yi tsatsa, tsohuwar tsaga. Daidai inda yatsana ya danna. Na nannaɗe ta da buhu, na kira mai karo, amalanken jaki, na kai ta wani kwari a bayan gari na jefar. Na gaya wa kaina tsoron hukuma ne, don a lokacin sayen kaya ta bayan fage na iya kai mutum gaban kotu. Ƙarya nake yi wa kaina, idon matata nake tsoro. Na koma Suk Sha'abi sau da yawa, ba dattijo ba labarinsa, mai shayin ma ta ce ita ba ta san shi ba, ganinsa kawai take yi da baƙi.

Da matata ta fara magana a asibiti, abin da ta fara cewa shi ne ita ce ta manta ba ta rufe kan tukunyar ba. Ta ce ta yi ta tunani, tukunyar wakili ba ta yoyo, don haka ita ce, ita ta kashe Inna. Ina zaune a bakin gadon. Kalma kaɗan ce za ta sauke mata wannan kayan, na buɗe baki sai na ji ina cewa ƙaddara ce, ta yi haƙuri. Na ce zan faɗa mata in ta warke. Da ta warke na ce sai an yi arba'in. Daga nan shekara ta zama shekaru. Ba ta ƙara yarda gas ya shigo gidanmu ba. Takan yi azumin nafila ta ce na Inna ne. Ko biki aka yi a danginsu a Jazira ba ta zuwa, wai ba za ta iya haɗa ido da ƙannenta ba. Ina ganin duk wannan, ina cin abincin da take dafa mini da hannu ɗaya da rabi. Har yau in na danna yadi mai laushi a kan keke sai in ji wuyan tukunyar nan a ƙarƙashin yatsana.

Bara waccan ta kwanta ciwon ajali. Wata la'asar ta sa aka fitar da 'ya'yanmu, ta kama hannuna da wannan hannun nata, ta tambaye ni ko ina ganin Allah zai yafe mata abin da ta yi wa Inna. Na dube ta, ta rame, idonta na kaina tana jira. Na ce mata Allah Mai gafara ne. Ta yi ajiyar zuciya ta ce to. Bayan kwana biyu ta rasu, ba ta san cewa ta rufe kan tukunyar ba.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Macuci ba ya zuwa da baƙuwar fuska, da harshen uwarka yake zuwa, kuma kunyarka ita ce jarinsa. Duk wanda zai ji haushi don ka gwada kayansa, bar masa kayansa. Ku sayi gas inda aka san mai shi, inda za ku iya komawa gobe ku same shi. Ku yi shakkar tsohuwar tukunya mai sabon fenti, ku shafa kumfar sabulu a wuyanta a gaban mai sayarwa ko da ƙanin mahaifinku ne. Kada a ajiye ta a ɗakin da iska ba ta ratsawa, domin gas ƙasa yake kwanciya yana jiran wuta. In an ji wari a buɗe ƙofa, a fitar da kowa, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a shigo da garwashi. Kai kuma ɗan'uwana magidanci, in matarka ta ce tana jin wari, ajiye abin da ke hannunka ka tashi ka duba. In kuwa ka riga ka yi irin tawa, je ka faɗa mata gaskiya yau, tun tana iya jin ka.