Kwalbar Sama'ila Akawu

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar abokina Samuel, wanda mutanen unguwarmu Dilimi, a Jos, suka ƙi wahalar da harshensu suka mai da shi Sama'ila Akawu. Bayarabe ne, Kirista, akawu a wani kamfanin kuza. Ni kuwa tela ne, shagona yana jikin gidan da yake haya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jikana direba, da ya ce ya ga an jera barasar ƙasar Tailan a wani kanti wajen Tina Junction, mai so ya shiga ya saya. Na yi dariya har na sarƙe. A zamaninmu, kafin a ba mu mulkin kai, kwalbar irin wannan barasa ɗaya ce tak a duk Jos, a iya sanina, kuma na san gidan da take.

Wani Bature ne da ya taɓa aikin kuza a can, lokacin suna ce wa ƙasar Siyam, ya bar wa Sama'ila ita da zai koma gida. Barandi ce, ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Sama'ila ba mashayi ba ne, ban taɓa ganinsa yana tangaɗi ba. Ranar Kirsimeti kaɗai yake buɗe ta. Da safe ni nake yanka musu akuya don Musulmin layinmu su ci, matarsa Maman Bose ta raba shinkafa gida-gida, da la'asar mu zauna gindin gwaibar tsakar gidansa. Ni a kawo mini shayi a kofina, wanda na ɗaura wa jan zare a hannu don kada ya gauraya da nasu. Shi kuma ya auna abarsa da murfin kwalba, ya zuba a ɗan tambulan, ya riƙe shi a tafin hannu sai ya yi ɗumi.

Sai ka ga ya shaƙa, ya lumshe ido, ya ɗan taɓa da leɓe. "Tela," in ji shi da Hausarsa ta 'yan Jos, "wannan abu ita ba ya son gaggawa. Farko kamar rake da aka gasa. Bayan nan zafi ya sauka a hankali, kamar ka sa rigar sanyi daga ciki." Ɗigo bai taɓa shiga bakina ba, shi ma bai taɓa yi mini tayi ba ko da wasa, amma wallahi na san ɗanɗanon abin nan ta kunne. Ban ga wanda ya iya jin daɗin abu kaɗan kamar mutumin nan ba.

Ana haka sai muryar ladanin masallacinmu ta gaza saboda tsufa, aka ambaci sunana. Ba zan ɓoye ba, ina son abin nan matuƙa. Mahaifina ladan ne a garinmu, tun ina ƙarami nake kwaikwayonsa. Sai Liman ya kira ni zaurensa ya ce, "Ba a ce ka sha ba, Malam Tela. An ce kana zaune ana sha. Wanda zai kira mutane salla ba ya barin ƙofar magana a buɗe." Ko in bar zaman gindin gwaiba, ko a ba wani. Gaskiya Liman ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Kirsimeti saura kwanaki, na kasa gaya wa Sama'ila, na kuma kasa yanke shawara.

Ashe maganar ta isa kunnen Maman Bose a bakin famfo. Ranar Kirsimeti, muna zaune ƙofar Liman bayan azahar, sai ga Sama'ila da kwat ɗinsa ta coci, da abu a naɗe cikin jarida. Ya tuɓe takalmi, ya cire malafa, ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, wannan ne ya hana Tela kira?" Kwalbar ce, fiye da rabi a ciki. Ya buɗe, ya daɗe yana shaƙa, sannan ya juye ta a kwata har ɗigon ƙarshe.

Liman ya ce, "Akawu, ba mu ce ka zubar da abinka ba."

"Na sani, Malam. Amma in na ɓoye, gobe za a ce a ɗaki muke sha. Yanzu saura shayi."

Washegari na kira asuba, na kuma ci gaba da kira har sai da tsufa ya karɓe ni ma tawa muryar. Zaman gwaiba bai mutu ba. Duk Kirsimeti sai ya fito da kwalbar wofi ya shinshina, ya kurɓi shayi, ya ba ni labarin ɗanɗano, kowace shekara abin yana ƙara daɗi a bakinsa. Na taɓa tsokanarsa ko yana da-na-sani. Ya ce, "Kullum, Tela. Amma da asuba ina jin ka."

Da Sama'ila zai leƙo duniya yau, kantin barasar nan ba zai dame shi ba. Zai sayi ɗaya ta kai shi shekaru, ya yi ta yi wa samari faɗa kan kwankwaɗa. Abin da zai sa shi kuka shi ne Jos da kanta, yadda kowa ya koma unguwar 'yan addininsa. Jikokinsa sun ƙaura ƙetaren gari, rabon da a kira ni yankan akuyar Kirsimeti har na manta.

Kwalbar tana ɗakina, Maman Bose ta ba ni da za ta koma garinsu. Ƙamshin ya daɗe da tashi. Ina kewarsa ƙwarai. Dattawan Dilimi da suka girma suna tashi salla da muryata ba su san abin da wani Kirista ya zubar a kwata don su ji ta ba. To, ku sani yau, kafin ni ma in tafi da maganar.