Wandon 'Yan Biyu

Jiya na ajiye fararen gajerun wanduna biyu a gaban wata Hajiya mai sayar da kayan mata a kasuwar Makarfi, ina share gumi.

'Yan biyuna, Hassana da Hussaina, za su shiga sansanin bautar ƙasa, kuma an ce sai da farin wando. Ni da na tsaya a aji huɗu, abin da na sani shi ne ba a bambanta 'yan biyu, don haka na sayo musu lamba ɗaya. Hassana, siririya kamar raken Makarfi, ta nutse a nata. Na Hussaina kuwa ya tsaya a cinya. Ta kulle ɗaki tana kuka, wai ta fasa tafiya.

Na ce, "Hajiya, tun suna goye ban taɓa bambanta su ba."

Ta ce, "Baban 'yan biyu, rana ɗaya aka haife su, amma ba ƙugu ɗaya Allah ya ba su ba. Mai jiki tana son mai faɗin ƙafa, ya hau cibiya, ya rufe gwiwa. Siririyar a ba ta mai tattara da zariya."

Hajiya ta canja mini su. Da yamma Hussaina ta fito tsakar gida cikin sabon wandonta tana fareti, har da sara mini: "Baba, ƙame!" Na ƙame kuwa, hulata ta faɗi.

Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Shekara ashirin da uku ina adalci da lamba ɗaya. Iyayen 'yan biyu, ni kaɗai ne?