Lomar Yaya

Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa abinci ofishin 'yan sanda ya san ƙa'idar: sai ka ci loma a gabansu kafin a shigar, don kada a ce da guba. Ni na yi ta cin lomar Yaya tun farkon hutun kotu.

Yaya yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Maganin fata yana cinye musu hannu, shi ya ja abokan aikinsa suka tsaya bakin get ɗin kamfanin suna neman safar hannu da takalman roba. Aka kwashe su. An saki sauran, shi aka riƙe.

Lauyanmu, maƙwabcinmu a Panshekara, ya ce tsarin mulki bai yarda a tsare mutum ya wuce kwana biyu ba a kai shi gaban alƙali ba. Na ce to?

Ya ce, "Takardar ɗaya ce, masu karatun ne biyu. Wani alƙalin zai ce a kawo masa shi gobe. Wani zai ce zaman lafiyar gari ya fi mutum ɗaya. Ka yi addu'a in an dawo hutu mu faɗa hannun na farko."

Kullum Umma ta tuƙa tuwo, in hau adaidaita. In na dawo kwanon take fara buɗewa. In ya cinye, ta san lafiyarsa ƙalau.

Ɗan sandan da ke zama a kanta har ya saba da ni. "Sarkin ɗanɗano, ka ce wa Hajiya jiya gishiri ya yi kaɗan."

Ranar buɗe sabuwar shekarar shari'a na je kotu. Alƙalai sun jeru cikin jajayen riguna, ana ta jawabi kan haƙƙin ɗan ƙasa. Na yi ta ɗaukar bidiyo har wayata ta yi zafi.

Da aka kira ƙararmu, hannun alƙali na biyun muka faɗa. Ya ce wanda ya tara jama'a a ƙofar kamfani ba a gaggawa a kansa. Ya ɗage zama wata biyu.

Ban gaya wa Umma ba. Washegari na kai tuwo, ɗan sandan ya turo min kwanon.

"Yau ba sai ka ɗanɗana ba. An wuce da shi da safe."

"Ina?"

"Ba a rubuta ba."

Na samu bayan wani shago, tireloli na wucewa, na zauna na cinye tuwon tas, na lashe miyar. Sannan na kama hanyar gida.