Da Bakina Na Ce Ƙanena Manomin Cuta Ne

A lokacin ina ɗan shekara arba'in da 'yan kai, manomin hatsi da wake a wani ƙauye tsakanin Tsarnawa da Malbaza. Lakwal, wato makarantar boko, na yi ta har aji shida, Baba ya cire ni saboda gona, aka bar ƙanena. Shi ya wuce Ƙonni, ya wuce Yamai, har ƙasar waje, ya karanta ilimin ƙwayoyin cuta, soja suka ɗauke shi aiki a ɗakin bincikensu. Ba zan ɓoye maku ba, abin ya tsaya mini a wuya. Ni da na fi shi lissafi, ni ke bin bayan jaki.

In ya zo gida ba ya maganar aikinsa, ya ce an hana su. Wata rana muna cin tuwo na matsa masa da gatse, na ce ko likitan bindiga ne shi. Ya yi dariya, ya ce ai shi ma manomi ne kamata: yakan shuka ƙwayar cuta a ɗan faranti, ya ba ta abinci, ta tsiro, don a gane ta a san maganinta kafin ta kama sojoji a daji. Don in fahimta ya faɗa mini da harshen gona. Na fahimta sarai. Amma na ajiye maganar a raina kamar wuƙa.

Da damina ta gaba amai da gudawa ya shigo mana, shi kuwa ya zo duba Inna. Ya zagaya rijiyar unguwarmu, ya ga masai, ramin bayan gida, da aka gina kusa da ita, ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ya je wurin mai gari ya ce a rufe ta, a riƙa tafasa ruwa. Dattawa suka tashi suna masa sannu da zuwa, ni ina tsaye ba wanda ya dube ni. Da la'asar a majalisa sai na ce su bi a hankali, mutumin da ya gaya mini da bakinsa cuta yake noma wa soja, wa ya san ko ɗiba ya yi a rijiyar ko zubawa. Wani ya ce in ji tsoron Allah, na ce ni da shi nono ɗaya muka sha, wa zai gaya mini halinsa.

Kafin kwana biyu zancen ya kai kasuwa. Mata suka hana shi taɓa guga, liman ya daina ba shi hannu. Ya same ni a gona, bai yi faɗa ba, ya ce ya ji, ba komai, amma don Allah kada iyalina su sha ruwan nan. Na ce ya koma wurin masu kaki ya ba su oda. Ya tafi. Rijiya ba a rufe ba, ni kuma na hana matata tafasa ruwa, don kada a ce na bi maganarsa.

Ɗiyata ta uku, mai shekara bakwai, a kan amalanke ta cika muna hanyar likita. Bayan mako ma'aikatan lafiya suka zo daga Ƙonni, suka auna ruwan, suka faɗi abin da ya faɗa, suka rufe rijiyar. Ba wanda ya ce mini komai a garin. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara tara ke nan bai taka garinmu ba, ko rasuwar Inna ta waya ya karɓi gaisuwa. Na kira shi na roƙi gafara, ya ce ya yafe. Amma Malam yake ce mini yanzu, ya daina ce mini Yaya.

Abin da na koya, ba jahilci ya kashe mini ɗiya ba, don na san gaskiya na murɗe ta. Hassada ce. Kai da aka cire daga lakwal aka bar ɗan'uwanka, in zuciyarka na ciwo, je ka gaya masa ido da ido, ku yi rigimarku a ɗaka. Kada ka kai ta majalisa. Mutane za su yarda da kai don kai ne jininsa, kuma ranar da za a ɗauki gawa ba daga gidajensu za a fara ba.