Kunyar da Ba ta Tsaya a Filin Jirgi Ba

Duk wanda ya sauka garin nan daga gida, shagon Kawu Tela ake fara kai shi. Yana taka keken ɗinki yana zuba shawara: kada ka bari bizarka ta mutu kafin ka sabunta, kada ka ara wa kowa katin bankinka, ko da cikinku ɗaya. Yakan rufe da cewa, "Kunya kuwa, a filin jirgi ake barin ta. In an tambaye ka, buɗe baki ka amsa."

Ran nan na'urar cire kuɗi ta haɗiye katinsa, babban ɗansa ya raka shi banki. Ma'aikaciyar ta ce sai ya amsa tambayar sirri.

"Mene ne sunan ɗanka na fari?"

Kawu ya gyara hula, ya yi tari. Tun da aka haifi yaron bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "kai" ko "wancan". Ranar buɗe asusu rubutawa ya yi, alƙalami ai ba ya jin kunya.

"Ga shi nan," ya nuna da haɓa.

"Sunan nake son ji daga bakinka."

Layi ya miƙe a bayansu, har da wani sabon zuwa da ya sha wa'azinsa jiya. Gumi ya karyo wa Kawu. Ya sunkuyar da kai, ya faɗi sunan can ƙasa-ƙasa.

Ɗan nasa, da gemunsa da komai, ya waiwaya yana neman wanda ya kira shi.